Yadda Na Sauka Daga Kan Auto: Saita Kyamara Gwargwadon Abin Da Ke Gabanka

Shekara biyu cur na yi da kyamarata ban taɓa kawar da ɗan faifan da ke samanta daga kan koren Auto ba, don gudun kada in taɓa wani abu in ɓata. Abin da ya raba ni da wannan tsoro shi ne ranar da ɗiyata ta fara tuƙa keke ita kaɗai, ba wanda ya riƙe mata sirdi. Da yamma lis ne, rana na shirin faɗuwa. Sau goma sha ɗaya na danna, na ƙirga daga baya, amma babu hoto ko guda da za ka gane fuskarta a ciki. Bangon da ke bayanta ya fito tsaf, har tsagar jikinsa ana gani, ita kuwa ta shafe kamar an goga hannu a kan ɗanyen fenti. Da na duba bayanan hoton, sai na ga kyamara ta zaɓi 1/40 na sakan. A wajenta ba ta yi laifi ba. Ta ga haske ya ragu, ta ƙara lokaci don hoto ya fito da haske. Ba ta san yarinyar nake so ba, ba ta kuma san gudu take yi ba. Ni ne na sani, kuma ban gaya mata ba.

Haruffan nan da ke jikin faifan, da su ake gaya mata.

Abu uku ke sarrafa hasken hoto. Na farko ƙofar da ke cikin lensi, wadda ake buɗe ta ko a tsuke ta. Ana rubuta girmanta da harafin f: f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce buɗaɗɗiyar ƙofa, babbar lamba ita ce tsukakkiya. Na biyu tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido kafin ta rufe, ni ƙiftawa nake kiran sa: 1/1000 na sakan, 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, har zuwa sakan 30 a yawancin kyamarori. Na uku ISO, shi kuma kamar ƙara murya ne a rediyo lokacin da tasha ba ta kamu sosai ba. Za ka ji maganar, amma shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto wannan shuuu ɗin shi ne yashi-yashin da ke fitowa a wurare masu duhu.

Kowane mataki a jerin nan ninki ne. Daga f/4 zuwa f/5.6 ka rage rabin haske. Daga 1/250 zuwa 1/125 ka ninka shi. Daga ISO 400 zuwa 800 ma ka ninka hasken hoton. Saboda haka ciniki ne: in ka karɓa daga nan, sai ka biya a can. Da zarar wannan ya zauna maka, ka gama da rabin aikin.

Ba na ba kowa shawarar ya faɗa kan M, inda kai ke zaɓar komai da kanka, kai tsaye. Akwai masu ganin wai ba ka cika mai ɗaukar hoto ba sai kana murɗa komai da hannunka. Ni dai na ga hotuna da yawa da suka wuce mutum yana can yana murɗe-murɗe. Mafi yawan hotunana a kan haruffa biyu nake ɗaukar su. A, inda kai ke zaɓar ƙofa, kyamara ta zaɓi ƙiftawa. Da S, inda kai ke zaɓar ƙiftawa, ita ta zaɓi ƙofa. Haka Nikon da Sony suke rubuta su, Canon kuma Av da Tv take sa wa nata. Kafin in ɗaga kyamara tambaya ɗaya nake yi wa kaina: abin nan motsi yake yi ko a tsaye yake? In motsi ne, S. In a tsaye ne, A.

Abin da ke motsi

Ga lambobin da na riƙe a ka, kuma ba su cika ba ni kunya ba. Mai tafiya a ƙafa, 1/250. Yaro mai gudu ko keke, 1/500. 'Yan ƙwallo, 1/1000. Tsuntsu a sama, 1/2000, ƙananan tsuntsaye masu saurin kaɗa fiffike ma wani lokaci hakan bai ishe su ba. Abin da ya gitta ta gabanka daga hagu zuwa dama ya fi buƙatar sauri a kan wanda ke tunkaro ka, na kusa kuma ya fi na nesa.

In kana son ka ga abin da idonka, ka kunna fankar sama a ɗakinka, ka sa S, ka ɗauke ta a 1/30, sannan 1/125, sannan 1/1000. A na farko fikafikan sun narke sun zama faifai. A na ƙarshe za ka iya ƙirga su, har ka ga ƙurar da ba a goge ba. Minti biyar ɗin nan ya koya mini abin da karatun mako guda bai koya mini ba. Za ka kuma lura na ƙarshen ya yi duhu, sai fa in ka bar ISO ya hau. Shi ya sa nake sa ISO a kan zaɓin kansa, amma in yi masa iyaka. Tawa 3200 ce iyakarta, daga nan yashin ya fi ƙarfin haƙurina. Sababbin kyamarori, musamman masu babban ido na ciki, wato sensa da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, suna kai wa 6400 ko fiye lafiya lau. Ka gwada taka ka ga inda za ka ce a'a.

Saurin ƙiftawa kaɗai bai isa ba, sai ka canja yadda kyamara ke kama fokas, wato wurin da zai fito sarai a hoton. A kan AF-S, wanda Canon ke kira One Shot, in ka danna maɓalli rabi sai ta kama wuri ɗaya ta tsaya a nan. Kafin ka ƙarasa dannawa yaron ya bar wurin. Ka mayar da ita AF-C, wato AI Servo a tsofaffin Canon, Servo a sababbi, sai ta riƙa bin sa muddin yatsanka na kan maɓallin. Ka haɗa da ɗauka a jere, wadda in ka danne take harbawa kat-kat-kat. A cikin biyar za ka sami ɗaya da ƙafa ta tashi daidai.

Akwai kuma lokacin da shafewar ce ake so. Ka sa 1/30 ko 1/60, ka bi mai keken da kyamara, kana juya ƙugunka daidai da gudunsa, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Shi zai fito, bayansa ya zama zane-zanen gudu. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi, kada ka damu.

Ba abin da kake ɗauka kaɗai ke motsi ba, hannunka ma yana rawa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada ƙiftawa ta gaza lambar tsawon lensinka: a 50mm kada ka sauka ƙasa da 1/50, a 200mm kada ka sauka ƙasa da 1/200. In kyamararka mai ƙaramin ido ce irin ta APS-C, ka ninka lambar da ɗaya da rabi, wato 200mm ya koma neman 1/300. Na'urar hana rawa da ke cikin wasu lensuna tana taimakawa ƙwarai, amma rawar hannunka kaɗai take gyarawa. Ba ta tsayar da yaro.

Fuskar mutum

A nan ƙofa ce sarauniya. In ka buɗe ta, f/2.8 ko f/4, mutum zai fito shar, abin da ke bayansa ya narke. Ranar da na sami lensi na 50mm mai buɗewa har f/1.8, na zaci na gama. Na ɗauki ƙanena daga kusa, na ji daɗin hoton a ɗan allon kyamara. Da na buɗe shi a kwamfuta sai ga kan hancinsa ya fito tar, idanunsa kuwa dishi-dishi. A wannan buɗin, daga kusa, faɗin wurin da ke fitowa sarai bai wuce 'yan santimita ba. Tun daga ranar nake sa ɗigon fokas guda ɗaya, in ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ni. In kyamararka tana gane ido da kanta, kunna mata. Kuma f/2.8 ya fi f/1.8 yafiya.

In lensin da ya zo da kyamara ne kawai gare ka, irin 18-55mm ɗin nan da ba ya wuce f/5.6 in an zuƙo shi ƙarshe, kada ka ce ba za ka iya ba. Zuƙo shi zuwa 55, ka buɗe ƙofa iyakarta, ka matso da mutumin nesa da bango, taku biyar ko shida. Nisan da ke tsakaninsa da abin da ke bayansa yana aiki kusan kamar buɗin ƙofa. Abin da ba a yi shi ne ka bar lensi a 18 ka kusanci fuska. Hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya, kuma ba zai gode maka ba.

Mutane da yawa a layi biyu ko uku kuwa, sai ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na gaba su fito, na baya su dushe. Ka ɗora fokas a layin gaba ko na tsakiya, ka ɗauka sau uku aƙalla, don dole wani ya rufe ido.

Maɓallin da na fi taɓawa

Wani ɗan maɓalli ne mai alamar +/-. Da za a ce in zaɓi abu guda in koya wa mutum a kyamara, shi zan zaɓa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, zai ba da ruwan toka matsakaici, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Yawancin lokaci zaton yana yin daidai. Amma ka nuna masa farin bango ko farar riga da ta cika hoto, sai ya ga haske ya yi yawa, ya rage, farin ya fito kamar an wanke shi da ruwan datti. Ka nuna masa baƙar mota, sai ya ƙara haske, baƙin ya koɗe. Maganin ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa: in fari ya yi yawa ka ƙara, +1 ko sama da haka. In baƙi ya yi yawa ka rage, -1.

Inda na fi shan wahala shi ne mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya a cikin rana. In ka bi rigar, fuska ta nutse. In ka bi fuskar, rigar ta ƙone, ba ɗinki ba lanƙwasa, sai fari fat. Babu saitin da zai raba wannan gardama shi kaɗai, domin tazarar da ke tsakanin hasken biyu ta fi abin da kyamara ke iya ɗauka a hoto guda. Abin da nake yi shi ne in canja hasken. In kai shi inuwa, bakin ƙofa ko gefen gini, inda haske ke zuwa a tausashe, sannan in ƙara +0.7, in duba. A yawancin kyamarori akwai saitin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo bayan ka ɗauka. Ka kunna shi. In ɗan wuri ne a kafaɗa ke walƙiya, na bar shi. In rabin rigar ce, na rage kaɗan. Fuska nake fara ceta, riga ta biyo baya.

Haka in mutum ya ba taga baya ko rana na bayansa. Kyamara za ta ga hasken bayan ta mayar da shi inuwa. Ka ƙara +1 zuwa +2, ko ka tayar da filash. E, filash da rana tsaka. A nan ma ya fi amfani, don yana cike duhun da ke taruwa a ƙarƙashin ido da haɓa in rana na bisa kai.

Kada ka yarda da allon kyamara a cikin rana, maƙaryaci ne. A rana yana nuna hoto ya yi duhu, da dare yana nuna ya yi haske. Ka duba ɗan zanen nan mai kama da tsauni, histogiram. Hagu duhu ne, dama haske. In tsaunin ya jingina da bangon dama ya hau shi, wani wuri ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa.

Fili da gine-gine ba su da wuya. A, f/8 ko f/11, ISO 100, ka ɗora fokas a wani abu mai ɗan nisa, ba wanda ke gindin ƙafarka ba. Kada ka ce bari in tsuke zuwa f/22 don komai ya fito. In ƙofa ta tsuke da yawa haske yana bazuwa a gefenta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Faɗuwar rana kuma ka rage -1, jan zai fi kamawa. Fure ko ƙwaro daga kusa sosai, su ma f/8 zuwa f/11 suke so, don daga kusa wurin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai, ka kuma jira iska ta lafa.

Cikin ɗaki da dare

A nan ne ake gane cewa ciniki ne. Ka buɗe ƙofa iyakarta. Kada ƙiftawa ta sauka ƙasa da 1/60 in mutane ne a zaune, 1/125 in suna hira suna juye-juye. Sauran ka bar wa ISO. Na daɗe ina tsoron ɗaga shi, ina dawowa gida da hotuna masu tsabta amma shafaffu. Hoto mai yashi ana rage masa a kwamfuta, kuma in an buga shi ko an tura a waya da wuya wani ya lura. Shafaffe kuwa sai shara.

Sai launi. Idonka yana ganin farar takarda fara a ko'ina, kyamara ba haka ba. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin: hasken rana kusan 5500 ne, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja wajen 2700 zuwa 3200, inuwa kuma tana kai wa 7000 ko fiye, shi ya sa hoton inuwa ke yin shuɗi-shuɗi. Saitin WB, wato na daidaita fari, ke gyara wannan. Zaɓin kansa yana ƙoƙari a waje, amma a ɗaki yakan bar fuskoki kamar an shafa musu ruwan ɗorawa. Ka zaɓi alamar ƙwan fitila, ko ka ɗauki farar takarda a cikin hasken ka ce wa kyamara wannan shi ne fari. In taga na kawo hasken rana ga kuma ƙwai a kunne, kashe ɗaya, don ba ta iya gyara biyu lokaci guda. Wanda ke ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, yana iya canja launin daga baya ba asara, sai dai fayil ɗin ya fi JPEG cin memori nesa ba kusa ba, kuma sai ka zauna ka gyara shi.

Wani abu da ya taɓa sa ni zargin kyamarata ta lalace: hotuna a jere a ƙarƙashin doguwar fitila, wannan kore-kore, wancan da ratsin duhu. Ashe fitilar ce ke ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, tana bin juyin lantarki. A Afirka da Turai sau 50 yake juyawa a sakan, a Amurka sau 60. Ka sa 1/50 ko 1/100 a inda yake 50, 1/60 ko 1/125 a inda yake 60, ratsin zai ragu ko ya ɓace.

Filash ɗin da ke kan kyamara ƙarfinsa bai wuce 'yan mitoci ba, uku ko huɗu in ISO na ƙasa. Haske kuma yana raguwa da sauri: in nisa ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Shi ya sa na gaba ke yin fari fat, na baya su ɓace a duhu, shi ya sa kuma masu harba filash daga saman filin wasa ƙeyar na gabansu kawai suke haskawa. In kana da filash na ɗorawa, juya kansa ya kalli farin silin, hasken ya sauko a tausashe. Kada ƙiftawa ta wuce 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamararka, in ba haka ba baƙin ratsi zai cinye gefen hoton.

M kuma ga inda nake neman sa: wurin da ma'aunin kyamara ke ruɗewa gaba ɗaya. Wata shi ne babban misali. Kyamara na ganin baƙin sama ta buɗe komai, wata ya fito kamar ƙwan fitila. Alhali hasken rana ne ke dukan sa, don haka saitin rana yake so. Cikakken wata, ka fara da f/11, ISO 100, 1/100, sai ka gyara daga nan. Wannan ƙa'idar ƙanwa ce ga wadda masu ɗaukar hoto da fim suka daɗe da ita: a rana tarwai, f/16 da ƙiftawa daidai da lambar ISO. Taurari kuwa akasin haka. Ka kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, ka buɗe ƙofa duka, ISO 1600 ko 3200, sakan 15 zuwa 20 a 18mm. In ka wuce haka taurarin za su fara jan wutsiya saboda juyawar duniya. Ka kama fokas da hannu a kan tauraro mafi haske, ka kashe na'urar hana rawa, ka sa jinkirin sakan 2 don kada dannawarka ta girgiza ta.

Washegarin irin wannan dare ne na taɓa fita da safe, tsuntsu ya sauka gabana a kan waya, na ɗaga na danna. Kyamara ta yi shiru sakan biyu, sannan ta buɗe ido na sakan 20 a cikin rana. Fari fat. Tun daga nan ba na mayar da ita jaka sai na komar da ita wuri guda: faifai a kan A, f/5.6, ISO a zaɓin kansa, +/- a sifili, WB a zaɓin kansa, fokas ya koma na inji, jinkiri a kashe. Sannan in duba batir, in rufe lensi.